Hajiya tana haɓo, Yaya ya ce a zubar da warfarin: mu dakata ko mu tafi asibiti?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan lafiya da ke cikinmu ku taimaka min. Mahaifiyarmu tana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, tun bara. Likita ya ce ƙofa ɗaya ta zuciyarta ta tsuke, kuma bugun ba ya tafiya daidai, don haka jini zai iya daskarewa a ciki. Tun shekaranjiya take haɓo, jiya ta yi asuwaki dasashi ya yi ta zubar da jini, yau kuma ina shafa mata mai na ga jini ya kwanta a cinyarta da damtse, alhali ba ta bige ba. Yayanmu ya ce ya bincika, wai asalin maganin na ɓera ne, a zubar da shi a koma wa zogale da tafarnuwa. Ranar ganin likitanta sai nan da sati biyu. Mu dakata ne ko yaya?

Sista Ladi: Wa'alaikumus salam. Kada ku jira sati biyun nan, ƙanwata. Yau za ku kai ta, sashen gaggawa na asibitin da take ganin likita, ko babban asibitin da ya fi kusa da ku. Ki tattara duk abin da ta sha cikin kwanakin nan a leda ɗaya, har kwalin da ya ƙare, har jiƙo, har ƙullin da maƙwabciya ta kawo. Kuna isa ki ce musu "tana kan warfarin", su yi gwajin INR, wato na auna daskarewar jini. Warfarin na daren yau kada ta sha sai likita ya ga sakamako.

Kafin ku fita amsa min: bayan gidanta ya yi baƙi? Fitsarin ya yi ja? Tana ciwon kai mai tsanani, ko ta faɗi kwanan nan? An ba ta wani sabon magani ko allura?

Ɗan Fagge: Ni fa ina bayan Yayanku. Maganin da aka yi don kashe ɓera a ce tsohuwa ta riƙa sha kullum? Ga shi ai kun gani da idonku.

Abu Sumayya: Malam Ɗan Fagge, ni ma'aikacin famasi ne, kuma maganar ɓera gaskiya ce, ba wanda yake ɓoye ta. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. Wani masani mai suna Karl Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke jawo haka. Daga nan aka haɗa warfarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince a ba wa mutane a 1954. Shugaban Amurka Eisenhower da kansa an ba shi bayan bugun zuciyar da ya same shi a 1955. Shi ɓera ana dura masa ne har jininsa ya kasa tsayawa. Mutum kuwa auna masa ake, ana gwada jini, ana ragewa ana ƙarawa.

Zubar da shi kuma, an gudu ne ba a tsira ba. Mai irin ciwon Hajiya idan gudan jini ya taru a zuciya ya ɓalle, ƙwaƙwalwa yake nufa. Shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Maman Hanifa: Sista, na tambaye ta. Ba ta faɗi ba, fitsari lafiya, amma bayan gidan ta ce ya yi duhu. Maganar allura kuma yanzu matar Yaya take gaya min: satin da ya wuce gwiwarta ta matsa mata, aka kira yaron kemis ya yi mata allurar diclofenac a ɗuwawu sau biyu. Sannan ta yi gudawa ya ba ta Flagyl. Mun kama hanya.

Sista Ladi: Innalillahi. To ga amsar nan. Allah ya tsare hanya, ki sanar da mu.

Ga sauran da ke karantawa, abu uku aka haɗa wa baiwar Allahn nan a sati ɗaya. Flagyl yana hana hanta sarrafa warfarin, sai ya taru a jiki, ƙwayar da take sha kullum ta yi ƙarfin da ya wuce ƙima. Diclofenac yana cin bangon ciki, kuma yana raunana ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni. Ita kanta allurar cikin tsoka ba a son ta ga mai shan wannan magani, don jini zai iya taruwa a cikin naman. Baƙin bayan gida mai danƙo da wari alama ce ta jini yana zuba a ciki.

Kuma don Allah, idan haɓo ya zo a daina ɗaga kai sama. Jinin maƙogwaro yake bi a haɗiye shi, a ɗauka ya tsaya. A zauna, a sunkuyo gaba kaɗan, a matse tattausan wajen hancin minti 10 zuwa 15 ba a saki ba. Idan bai tsaya ba sai asibiti.

Baban Khalifa: Sista, kullum mu masu kemis ake ɗora wa laifi. Mutum ya zo ya ce gwiwa, ya ce "ba ni na ɗari biyar". Ta ina zan san yana shan wani abu? Wallahi wani ko ka tambaye shi cewa zai yi "na hawan jini ne kawai". Duk ƙwayar da aka karɓo daga asibitin zuciya a wajen mutanenmu ta hawan jini ce.

Sista Ladi: Rabin maganarka na karɓa. Amma tambayar ba ta cin kuɗi, Malam. Tsoho ko tsohuwa, ko mai tabon tiyata a ƙirji, ko wanda ya ce yana zuwa a ɗebi jininsa duk wata, ka ce ya nuna maka kwalin kafin ka zuƙo allura. Kuma lasisinku ma ai bai ba ku damar yin allura ba, wannan kai ma ka sani.

Baban Khalifa: Na sani. Sai dai ƙarfe goman dare a Kurna ko Rijiyar Lemo, wa mutum zai samu in ba mu ba? Ku faɗa mana waɗanda za mu guje wa dai.

Abu Sumayya: Wannan ita ce magana. Masu ƙara wa warfarin ƙarfi da kuka fi sayarwa: Flagyl, Septrin, ciprofloxacin, da fluconazole da mata suke saya don ƙaiƙayin gaba. Masu jawo zubar jini ta wata hanyar: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, asfirin, da waɗancan haɗe-haɗen na leda da ake cewa maganin gajiya, wanda mai sayarwar ma bai san abin da ke ciki ba. Idan ciwo ne, farasitamol ya fi aminci, shi ma in za a yi kwanaki ana sha a faɗa wa likita. Akwai kuma masu yin akasin haka. Rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka yana rage masa ƙarfi ƙwarai, don haka mai karɓar magani a Asibitin Zana ko wani wurin, dole likitocin biyu su san da juna. Haka carbamazepine na farfaɗiya.

Ɗalibar Jinya: Anti Ladi, don Allah a yi wa mutane bayanin INR ɗin, mu ma a aji sai da aka maimaita mana.

Sista Ladi: Gwaji ne da ke nuna tsawon lokacin da jini yake ɗauka kafin ya daskare. Wanda ba ya shan komai yana wajen 1. Yawancin masu shan warfarin ana son su tsaya tsakanin 2 da 3. Wasu waɗanda aka yi wa tiyata aka sa musu ƙofar zuciya ta ƙarfe ana ɗaga musu zuwa 2.5 zuwa 3.5. Ƙasa da haka jini zai iya yin guda, sama da haka zai iya zuba. Farkon farawa ana gwaji a kai a kai, in ya daidaita sai a koma kamar duk wata. Kuma warfarin ba ya kama aiki ran da aka fara, sai ya yi kwanaki. Shi ya sa wanda aka kwantar da gudan jini a ƙafa za ki ga ana yi masa allurar heparin, mai hana jini daskarewa nan take, tare da ƙwayar aƙalla kwana 5, har INR ya hau. Masu jinya sukan zo su ce mana an yi kuskure an haɗa masa biyu. Da gangan ne.

Maman Hanifa: Alhamdulillahi mun ga likita. INR ɗin ya haura 7. Sun kwantar da ita, sun dakatar da maganin, sun ba ta bitamin K don karya ƙarfinsa, sun ce za su ƙara mata jini kuma za su sake gwaji da safe. Likitan ya ce in ta daidaita za ta koma kan warfarin ɗin. Yaya yana nan yana ta faɗa da matarsa a baranda. Na gode muku.

Hajiya Babba: Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Amma a gaya wa Yayan ya bar yarinyar mutane, ita tausayi ta ji. Waye ya zaunar da ita ya gaya mata ba a yi wa Hajiya allura?

Ɗan Fagge: Yawwa Hajiya, kin zo inda nake so. Mahaifina ya taɓa kwanciya a wani asibiti a garin nan. Ranar sallama takarda kawai aka miƙa mana, nas ɗin ko kallonmu ba ta yi ba. Yanzu a nan ana ta zuba mana bayani tiryan-tiryan. Me ya hana a yi shi a bakin gado?

Sista Ladi: Ba zan kare wadda ta yi muku haka ba. Bayanin sallama aikinmu ne, ba alfarma ba ce. Zan iya ce maka nas ɗaya tana riƙe da ɗaki guda a aikin dare, kuma gaskiya ne, amma wannan bai wanke mu ba. Sai dai akwai wani abu da na fi gani yana cutar da marasa lafiya, ko da an yi bayanin. Ranar sallama wa yake tsayawa a gabanmu? Babban ɗa, wanda ya biya kuɗi. Shi ake yi wa bayani, yana "to, to", waya a kunne. Ya sauke tsohuwa a gida ya wuce Kwari ko Singa. Wadda za ta riƙa miƙa ƙwayar kullum, ta dafa miyar, ta kira mai kemis in dare ya yi, matar ɗa ce ko autar gida, kuma tana gida lokacin da ake bayanin. Shi ya sa ni yanzu tambayata ta farko ita ce "wa yake ba ta magani a gida?" In ba ta zo ba a kira ta a waya. In na gama kuma ba na cewa "kin gane?", don kowa cewa zai yi ya gane. Cewa nake ta maimaita min: nawa za ki ba ta, ƙarfe nawa, me za ki gani ki kawo ta da gudu.

Kuma a samu ɗan littafi. Kwanan wata, sakamakon INR, adadin da likita ya ce a sha, ranar gwaji na gaba. A tafi da shi ko'ina, har wajen cire haƙori.

Ɗan Fagge: Da haka kowa yake yi ai da ba mu yi ƙorafi ba.

Ummu Aisha: Ni tambayata kan abinci ce. Mijina yana shan warfarin, aka ce masa ya daina cin ganye kwata-kwata. Ba zogale, ba alayyahu, ba kabeji. Mutumin da ba ya iya wuni bai ci kwaɗo ba duk ya rame.

Abu Sumayya: Wannan tsohuwar shawara ce, an bar ta. Warfarin yana aiki ne ta hanyar tare bitamin K, wanda hanta ke buƙata don haɗa sinadaran daskarar da jini. Koren ganye yana da bitamin K da yawa, don haka yawan cin sa yana rage wa maganin ƙarfi. Abin da ake so ya ci yadda ya saba, kada ya yi tsalle. In kullum yana cin ɗan kwanon zogale, ya ci gaba, likita zai daidaita maganin a kan haka. Matsalar ita ce wanda ya yi wata bai ci ba, damina ta faɗi, 'Yankaba ta cika da ganye mai araha, sai ya koma rama da safe, zogale da rana, miyar alayyahu da dare. INR zai faɗi. Rani ya zo ya daina, ya sake hawa. Garin zogale da ake sha cokali-cokali a matsayin magani shi kam a bar shi. Tafarnuwa da citta na cikin miya ba komai, amma ba a mayar da su magani ana haɗiya. Jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba kuwa babu wanda zai iya ce miki ga abin da za su yi wa jininsa.

Injiniya: Ni mamaki nake da har yanzu ake wannan wahalar. Surukina yana shan Xarelto, ba gwaji, ba dokar abinci. Maman Hanifa, ku haɗa kuɗi ku canja wa Hajiya mana.

Abu Sumayya: Ranka ya daɗe, a nan kam kuɗi ba zai yi aiki ba. Sababbin magungunan nan, rivaroxaban (shi ne Xarelto) da apixaban da dabigatran, suna da kyau ga mai gudan jini a ƙafa ko huhu, da mai bugun zuciya marar tsari wanda ƙofofin zuciyarsa lafiya. Amma mai ƙofar ƙarfe ba a ba shi su. Mai ƙofar da ta tsuke saboda ciwon maƙogwaron yarinta da ya taɓa zuciya, irin wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, shi ma warfarin ya fi masa. An yi babban bincike mai suna INVICTUS, aka fitar da sakamako a 2022, mutum fiye da 4,500 a ƙasashe 24 har da Najeriya. Waɗanda aka bari a kan irin su warfarin sun fi masu rivaroxaban tsira da rai. Bayanin da Maman Hanifa ta yi ya yi kama da wannan rukunin, likitanta ne zai tabbatar.

Shi kuma surukinka, in 15mg ko 20mg yake sha, da abinci ake shan sa. Kuma ƙarfinsu yana saurin barin jiki, wanda ya tsallake kwana ɗaya saboda kuɗi sun yanke ya zauna ba kariya. Ana kuma duba ƙoda lokaci-lokaci, ba a ce ba gwaji sam ba.

Ɗan Wanzam: Salamu alaikum. Gadon gidanmu wanzanci ne, ina yin ƙaho. Mutane da yawa suna zuwa su ce jininsu ya yi kauri a cire musu mataccen jini. To mai shan irin wannan magani fa?

Sista Ladi: Madalla da ka tambaya, Malam. Kada ka tsaga shi. Ƙaho, sakiya, cire belu, tsagar gargajiya, duk abin da aska za ta shiga. Ko ƙahon da ba tsaga zai iya sa jini ya kwanta sosai. Ka mayar da ita tambayar farko kafin ka ɗauko kayan aiki. Gudan jinin da ake magana yana can cikin babbar jijiya ko cikin zuciya, ƙaho ba ya kai wa can. Masu ɗori da masu tausa su ma a isar musu: ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ƙwauri yana ciwo ba tare da an bige ba, kada a murza. Gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Numfashi ya riƙa sarƙewa farat ɗaya da ciwon ƙirji, wannan na gaggawa ne.

Anti Ungozoma: Bari in sa baki, don masu jego sun fi kowa shiga wannan haɗarin. Ciki da sati 6 na bayan haihuwa lokaci ne da jinin mace yake saurin daskarewa, musamman wadda aka yi wa tiyata ta kwanta ba motsi. Ga kuma ciwon zuciyar bayan haihuwa da muke gani da yawa a Kano, shi ma yana sa jini ya taru a zuciya. Shi ya sa muke tayar da mace ta taka da wuri bayan tiyata, dangi suna hararar mu suna cewa ba mu da imani. Mai shan warfarin da take son ɗaukar ciki ta gaya wa likita tun kafin, don yana iya nakasa jariri, musamman tsakanin sati na 6 da na 12. Akan mayar da ita kan allurar Clexane, wani nau'in heparin, wadda ba ta tsallakawa zuwa jariri. Mai ƙofar ƙarfe ita lissafinta daban ne, kada ta tsayar da komai da kanta. Bayan haihuwa kuwa warfarin ba ya hana shayarwa. Mai allurar Clexane in naƙuda ta fara kada ta ƙara yin wata, ta zo ta gaya mana ƙarfe nawa ta yi ta ƙarshe, saboda allurar kashe zafi da ake yi a baya lokacin tiyata tana buƙatar tazarar awa 12 ko 24 gwargwadon adadin da take yi.

Amarya: Anti, ni aka rubuta wa Clexane ɗin, wata na biyar. Amma wata ta ce min daga alade ake yin sa. Tun jiya na kasa yi.

Abu Sumayya: Ba ƙarya ta yi miki ba, yana rubuce a takardar cikin kwali: daga hanjin alade ake tace shi, haka mafi yawan heparin da ke kasuwa. Akwai fondaparinux da ake haɗawa ba daga dabba ba, amma yana da tsada, samun sa da wuya, kuma ba shi ne zaɓin farko ga mai ciki ba. Hukunci na malamai ne. Ni dai roƙona ki kira likitanki yau, kada kwana na biyu ya wuce.

Malam Na-Gwale: 'Yata, Allah da ya haramta naman alade a Baƙara aya ta 173, a cikin ayar ya ce wanda larura ta tilasta, ba yana mai zalunci ko ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. Sharaɗin malamai shi ne cutar ta zama ta gaske, amintaccen likita ya ce ana buƙata, kuma babu halastaccen da zai maye gurbinsa. Rai biyu kike ɗauke da su. Ki yi allurarki.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, amma an ce akwai madadin.

Malam Na-Gwale: Madadin da ba a samu, ko wanda likita ya ce bai fi dacewa da mai ciki ba, bai zama madadi ba tukuna. Ta tambayi likitan, in akwai a canja, in babu ta ci gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye wa mara lafiya. A gaya masa, ya tambaya, zuciyarsa ta natsu.

Amarya: Na gode Malam. Anti, wajen allurar kuma duk ya yi baƙi-baƙi, ko ban iya ba ne?

Anti Ungozoma: Ɗan tabo ba abin tsoro ba ne, amma ga yadda ake rage shi. Ki wanke hannu, ki zauna ki ɗan kishingiɗa. Gefen ciki za ki yi, nesa da cibiya da kamar yatsu uku, yau dama gobe hagu. Ki tattaro fata da yatsu biyu, ki soka a miƙe, ki tura a hankali, kada ki saki fatar sai kin zare. 'Yar iskar da kike gani a cikin sirinjin ba a fitar da ita, da ita aka yi shi. In kin zare kada ki murza, murzawar ce take kawo baƙin. Allurar gajera ce, ba ta kai wa ga jariri. In cikin ya girma fatar ta ɗame, ki zo mu nuna miki wajen cinya. Sirinjin da aka gama da shi a jefa a roba mai murfi, ba cikin shara inda yara suke tone-tone ba.

Ɗalibar Jinya: Anti, a ɗakin haihuwa na ga ana ba da tranexamic acid. Shi ma cikin dangin nan yake?

Anti Ungozoma: Kishiyarsu ne, 'yata. Shi hana gudan jini narkewa yake, don zubar ta tsaya. Binciken WOMAN da aka fitar a 2017, mata kusan 20,000, Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ba da mata, ya nuna in an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa yana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Giram 1 ake bayarwa ta jijiya, a hankali. Ki kula da inda kike ajiye kwalabensa, kada su haɗu da na allurar baya, an sha samun mummunan kuskure a duniya ta wannan hanyar. Kuma mai warfarin da jinin al'ada ya yi mata yawa kada ta je ta saya da kanta.

Baban Khalifa: Wata tambayar. In aka kawo min wanda bakinsa ya karkace yanzu-yanzu, in ba shi asfirin kafin a tafi?

Sista Ladi: A'a. Shanyewar jiki iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, kuma ido ba ya bambancewa sai an yi hoton ƙwaƙwalwa. In fashewa ce asfirin ƙara ta zai yi. Ga shi mai yiwuwa ba ya iya haɗiya, ruwan ma ya tafi huhu. Ka lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a nufi babban asibiti mai na'urar hoton, kamar na Malam Aminu Kano. Allurar narkar da guda, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Mai shan warfarin da ya faɗi ya bugi kai shi ma a kai shi ko da ya miƙe yana dariya, jinin cikin kai yana iya taruwa a hankali.

Ummu Aisha: Sista, azumi fa? Kuma in ya manta bai sha ba? Sannan wancan watan ƙwayar ruwan hoda aka ba shi, wannan karon wata kala daban, ya ce shi ba zai sha ba.

Abu Sumayya: Ya yi daidai da ya tsaya, amma lambar za ku duba, ba kalar ba. A tsarin Ingila ruwan hoda 5mg ce, shuɗiya 3mg, ruwan ƙasa 1mg. A tsarin Amurka ruwan hoda 1mg ce, shuɗiya 4mg. Mu kuma kayanmu daga ko'ina suke shigowa, don haka wanda ya haddace "rabin ja nake sha" zai iya ninka wa kansa sau biyar bai sani ba. Ki kai kwalin biyu wajen mai famasi ya karanta muku, kuma in da hali ku riƙa saye a wuri ɗaya.

Sista Ladi: Mantuwa: in ya tuna a ranar ya sha, in sai washegari ya tuna ya bar wanda ya wuce, ya sha na ranar kawai, ya rubuta a littafin. Ba a haɗa biyu. Azumi kuma ya ga likita kafin wata ya kama, don wani ciwon zuciyar ma ba a azumi da shi. In an ba shi dama, warfarin sau ɗaya ake sha, sai a tsayar da shi bayan buɗa-baki kullum. Cimar gida tana canjawa a watan, don haka a nemi ranar gwajin INR a cikin goman farko.

Ummu Aisha: To bari in duba kwalin. Na baya an rubuta 5, wannan ma 5, kamfanin ne daban.

Abu Sumayya: To ya sha yadda aka rubuta masa. Ki rubuta ranar da ya fara sabon kamfanin, ki nuna wa likita ranar gwaji.